Francis Obikwelu: Ɗan Anacha da ya ci wa Fotugal azurfa



Akwai wata gardama da aka fara ta a tsakar gidan hayarmu a nan Anacha tun ina ɗan shekara shida, ta biyo mu har gaban rumfar babana a kasuwa, kuma ga shi yau ni ke riƙe da littafin bashin rumfar amma ba a gama ta ba. Gardamar a kan mutum ɗaya ce, wato Francis Obikwelu, ɗan tseren da aka haifa a wannan gari, wanda ya yi wa Nijeriya gudu na wasu shekaru, daga baya ya sauya riga ya koma yi wa ƙasar Fotugal. Wasu na cewa ya ci amanar ƙasarsa, wasu kuma na cewa ƙasarsa ce ta fara cin tasa amanar. Na lura cewa yawancin masu wannan gardama tsere ɗaya tak suka sani a duk rayuwar mutumin. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in jero tarihin gudun nasa shekara bayan shekara, sannan a ƙarshe in faɗi inda ni na tsaya.

Daren da aka fara gardamar

Daren Lahadi ne, 22 ga Agusta, 2004, ana gasar Olamfik a birnin Athens na ƙasar Girka. An ɗauke wuta a unguwarmu, sai wani maƙwabcinmu Ibo mai sayar da kayan wuta ya fito da talabijin ɗinsa tsakar gida, ya tayar da ɗan janareta, mazan gidan duk suka zagaye shi, Hausawa da Ibo da wani Bayarabe tela. Ni dai abin da nake iya tunawa shi ne ƙarar injin da ihun da ya ɓarke lokaci ɗaya. Sauran bayanin daga baya na same shi, daga bakin Baba, da kuma kallon tseren da na yi ta maimaitawa a waya.

Mutum takwas ne suka jeru a tseren ƙarshe na mita 100. Akwai Maurice Greene na Amurka wanda ya ci zinare a 2000, da 'yan ƙasarsa Justin Gatlin da Shawn Crawford, da Asafa Powell na Jamaika, da Kim Collins wanda ya ci gasar duniya a 2003, da Obadele Thompson na Barbados, da Aziz Zakari na Gana, sai kuma wani dogo sanye da rigar Fotugal. Gatlin ya gama a sakan 9.85, Obikwelu 9.86, Greene 9.87, Crawford 9.89. Mai karatu ya dubi waɗannan lambobi da kyau. Tsakanin zinare da azurfa kashi ɗaya ne cikin ɗari na sakan, kuma a irin gudun da suke yi wannan tazara ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ido ba ya iya raba irin wannan, sai na'urar ɗaukar hoto da ke kan layi, kuma ƙirji ake dubawa ba kai ko ƙafa ba, shi ya sa kowa ke turo ƙirjinsa gaba a takun ƙarshe.

Da sunaye suka fito a allo, maƙwabcin nan namu ya yi tsalle yana ihu cewa ɗan Anacha ne, ɗan Anacha ne. Baba kuwa ya dubi tutar da ke gefen sunan, ya ce masa cikin Turancin buroka, "Oga, murnar me kake yi? Yaronku ya sayar da mu." Shi kuma ya ce, "Alhaji, ai ba a sayar da abin da aka riga aka zubar." To daga nan fa aka faro.

Yaron da bai dawo gida ba

An haifi Francis Obiorah Obikwelu ranar 22 ga Nuwamba, 1978, a Anacha. Kamar sauran yaran garin nan, ƙwallo ya fara bugawa, har wani mai koyar da su ya lura da saurinsa ya ba shi shawara ya gwada gudu. A lokacin kuwa Nijeriya ba kanwar lasa ba ce a gajeren tsere. A gasar Olamfik ta 1992 a Barcelona, mazanmu sun ci azurfa a tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100, matanmu kuma suka ci tagulla, sannan Olapade Adeniken da Davidson Ezinwa duk sun kai tseren ƙarshe na mita 100. Sai dai yawancin waɗannan taurari, irin su Chidi Imoh da Mary Onyali da su Ezinwa, a jami'o'in Amurka suka sami horo, domin can ake ba ɗan tsere karatu da abinci da mai horarwa kyauta. Wannan ita ce hanyar da aka saba bi. Obikwelu bai sami wannan hanya ba.

A watan Yulin 1994 aka tafi da shi birnin Lisbon gasar matasa ta duniya, bai ma cika shekara 16 ba. Mita 400 ya yi, kuma bai kai tseren ƙarshe ba. Da aka gama gasa tawaga ta dawo gida, shi bai biyo ta ba. Kafin mai karatu ya yanke masa hukunci, ya kamata ya tuna wace Nijeriya ce ta wancan watan. Shekara guda ke nan da soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Sani Abacha na kan mulki, an kama Abiola, ma'aikatan man fetur sun shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cak. Manyanmu a kasuwa har yau suna ba da labarin yadda kaya suka riƙa lalacewa a hanya saboda babu man da mota za ta sha.

Zaman Lisbon bai zo masa da sauƙi ba. Manyan ƙungiyoyin wasanni biyu na birnin, Benfica da Sporting, waɗanda masu kallon ƙwallo suka sani, duk sun ƙi ɗaukarsa. Sai ya gangara kudancin ƙasar, yankin Algarve, ya kama leburanci a wurin gine-gine. Duk wanda ya taɓa ganin yaranmu 'yan ci-rani suna hawa bene da kwanon kankare a ka ya san irin aikin. Yana cikin wannan hali ya dage da koyon harshen mutanen, kuma a wurin koyon harshen ne aka haɗa shi da wata ƙungiya mai suna Belenenses, inda ya koma atisaye. Haka nan wata mata 'yar ƙasar ta riƙe shi kamar ɗan da ta haifa, har yana kiranta uwa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kansa.

Shekarun kore da fari

Ga abin da masu cewa ya ci amana ba su cika sani ba, ko kuma suke tsallakewa. Bayan ya zauna a Fotugal, ba tutarsu ya fara ɗauka ba. Yana ci yana sha a can, can yake atisaye, amma in an kira gasa rigar Nijeriya yake sawa, kuma haka ya yi ta yi har zuwa shekarar 2000.

A 1996 ya je gasar Olamfik ta Atlanta yana ɗan shekara 17, gasar da Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu kuma suka doke Brazil da Ajantina. Makonni kaɗan bayan haka, a gasar matasa ta duniya a birnin Sydney na Ostireliya, ya cinye mita 100 da mita 200 duka biyun. Wato yaron da yake leburanci shekara biyu kacal da suka wuce ya zama wanda ya fi duk sa'anninsa gudu a duniya, kuma taken Nijeriya aka kaɗa masa.

A watan Maris na 1997 ya ci tagulla a mita 200 a gasar duniya ta cikin ɗaki a Paris. A watan Agusta kuma, a gasar duniya a Athens, shi da Adeniken da tagwayen nan Osmond da Davidson Ezinwa suka ci wa Nijeriya azurfa a tseren miƙa sanda, Kanada ce kawai ta sha gabansu. A zagayen kusa da na ƙarshe sun yi sakan 37.94, wanda ya zama sabon tarihi a Afirka a lokacin.

Shekarar da ya fi haskawa da rigar Nijeriya ita ce 1999. A gasar duniya a birnin Seville na Sifen, ya yi mita 200 a sakan 19.84 a zagayen kusa da na ƙarshe. Wannan lokaci ya zauna a matsayin tarihin Nijeriya har shekara ashirin, sai a 2019 Divine Oduduru ya karya shi. A tseren ƙarshe bai maimaita ba, ya yi 20.11 ya ci tagulla, bayan Maurice Greene da Claudinei da Silva na Brazil. Bayan 'yan makonni ya ci zinare a mita 200 a gasar wasannin Afirka a Johannesburg.

Mai karatu zai ga cewa a waɗannan shekaru an fi saninsa da mita 200, kuma akwai dalili. Tsawonsa mita 1.95 ne. Dogon mutum yakan sha wuya wajen tashi, domin kafin ya miƙe daga durƙuso gajeru sun ba shi rata. Amma in ya miƙe takunsa ya fi nasu faɗi, kuma bai cika saurin sarewa ba. A mita 200 yana da filin da zai biya bashin da ya ci a farko. A mita 100 kuwa filin ya yi kaɗan, shi ya sa abin da ya yi daga baya a 2004 ya ba mutane mamaki.

Inda bango ya tsage

A gasar Olamfik ta Sydney a 2000 an sa masa rai ƙwarai, amma bai kai tseren ƙarshe na mita 200 ba, ga kuma ciwon gwiwa. Ƙorafin da ya yi shi ne cewa ya ji rauni yana yi wa ƙasarsa aiki, masu kula da wasanni suka yi watsi da shi, har sai da ya je Kanada aka yi masa tiyata da kuɗin aljihunsa. A watan Oktoban 2001 ya zama ɗan ƙasar Fotugal, shekara bakwai bayan ya fara zama a cikinta.

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka da idon kasuwa nake kallon wannan. Jarin ɗan tsere ƙafarsa ce, ba shi da wani. Ba shi da rumfar da zai bar wa yaro ya je jinya, ba shi da fansho, kuma kasuwarsa in ta daɗe shekara goma sha biyar ce. Kuɗinsa daga gayyatar gasanni da kyautar cin tsere da kamfanin takalmi suke fitowa, duk kuma suna tsayawa ranar da gwiwa ta tsaya. A lokacin yana ɗan shekara 22. Idan yaron shago ya karye a kan kayan ubangidansa, ubangidan ya kau da kai, maƙwabci ya kai shi asibiti, wa zai yi mamaki in ya warke ya koma wurin maƙwabcin? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a wannan lokacin. Glory Alozie, wadda ta ci wa Nijeriya azurfa a tseren tsallake shinge na mita 100 a wannan gasa ta Sydney, bayan mota ta kashe wanda za ta aura kwanaki kaɗan kafin a fara, ita ma a 2001 ta zama 'yar Sifen. A 2002 ta ci musu zinaren Turai. Wato cikin shekara ɗaya Nijeriya ta rasa biyu daga cikin manyan 'yan tserenta.

Shekarun Fotugal

Fotugal ƙasa ce da aka sani da dogon gudu. Carlos Lopes ya ci mata zinaren gudun famfalaƙi a 1984, Rosa Mota a 1988, Fernanda Ribeiro kuma ta ci mita 10,000 a 1996. Amma a gajeren tsere ba ta taɓa cin lambar Olamfik ba sai da Obikwelu ya zo.

Babbar gasarsa ta farko da sabuwar riga ita ce ta nahiyar Turai a birnin Munich na Jamus a 2002. Ya zo na biyu a mita 100 bayan Dwain Chambers na Birtaniya, ya kuma zo na biyu a mita 200 bayan Konstantinos Kenteris na Girka. Daga baya aka kama Chambers da amfani da maganin ƙara kuzari, aka ƙwace zinaren aka ba Obikwelu. Sai dai zinaren da aka kawo wa mutum bayan shekaru, an riga an tashi daga fili kowa ya watse, ba ɗaya yake da wanda aka rataya masa a gaban jama'a ba. Shi ma Kenteris bai yi gudu a gasar 2004 da aka yi a ƙasarsu ba, ya janye bayan ya ƙi bayyana wurin gwaji. Gatlin kuma da ya sha gabansa a Athens an kama shi a 2006 aka dakatar da shi shekara huɗu, amma ba a taɓa zinarensa na 2004 ba domin laifin daga baya ya faru. Na kawo waɗannan ne don mai karatu ya san irin zamanin da mutumin ya yi gudu a ciki.

Sakan 9.86 da ya yi a Athens ya zama sabon tarihin nahiyar Turai. Jimmy Vicaut na Faransa ya kamo shi a 2015 amma bai wuce shi ba, sai a 2021 a gasar Tokyo Marcell Jacobs na Italiya ya karya shi. Shekara 17 ke nan sunan ɗan Anacha na saman jerin masu gudun Turai. A mita 200 kuma a Athens ɗin ya zo na biyar.

Ga kuma abin da ya fi ci wa su Baba rai. A wannan gasa ta 2004 lambobi biyu kacal Nijeriya ta samu, duka tagulla, duka kuma a tseren miƙa sanda na maza. A na mita 100 sau huɗu, Olusoji Fasuba da Uchenna Emedolu da Aaron Egbele da Deji Aliu sun yi sakan 38.23, Amurka ta yi 38.08, Birtaniya da ta ci zinare ta yi 38.07. Baba kullum cewa yake da yaron nan na cikinsu da zinare za a kawo gida. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, domin tseren miƙa sanda ya dogara da iya miƙawar kamar yadda ya dogara da gudun. Amma na fahimci zafin. Har yau babu namijin da ya ci wa Nijeriya lambar Olamfik shi kaɗai a mita 100 ko 200.

A watan Agustan 2006, a gasar Turai a birnin Gothenburg na Suwidin, ya cinye mita 100 a sakan 9.99 da mita 200 a 20.01. Rabon da wani namiji ya haɗa waɗannan biyu a gasar tun Pietro Mennea na Italiya a 1978, shekarar da aka haifi Obikwelu. A wannan shekara aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Turai. Ƙungiyar Sporting ma da ta ƙi shi yana yaro daga baya rigarta ya sa.

Bayan haka ƙarfi ya fara ja baya, ga kuma sabon zamani ya shigo. A Beijing a 2008, inda Usain Bolt ya yi sakan 9.69, Obikwelu ya tsaya a zagayen kusa da na ƙarshe, ya ce ya ajiye takalmi. Amma bai daɗe ba ya dawo. A watan Maris na 2011 a Paris, yana ɗan shekara 32, ya ci zinaren Turai na cikin ɗaki a mita 60 a sakan 6.53. Mita 60 tsere ne na masu saurin tashi, wato daidai inda aka ce dogo ba ya iyawa. Wanda ya zo na biyu kuwa shi ne Dwain Chambers, mutumin da ya tsaya a wurinsa a Munich shekara tara da suka wuce. A wannan karon a gaban jama'a aka rataya masa.

Waɗanda suka biyo baya

Da a ce Obikwelu da Alozie ne kaɗai, da sai a ce halinsu ne. To amma dubi Fasuba, wanda bai sauya tuta ba. A watan Mayun 2006 a Doha ya yi sakan 9.85, tarihin Afirka da ya zauna har 2021, kuma a 2008 ya ci zinaren duniya na cikin ɗaki a mita 60. A 2011, yana da sauran ƙarfinsa, ya bar gudu ya shiga sojan ruwan Birtaniya don ya sami abin riƙe iyali. Femi Ogunode ya koma Katar ya ci musu zinare a gasar Asiya. Ga kuma Salwa Eid Naser, wadda aka haifa a nan jihar Anambra a 1998, sa'ata ce ma, ta koma Bahrain tana yarinya. Ta ci zinaren duniya a mita 400 a 2019 da sakan 48.14, an dakatar da ita shekara biyu kan saɓa ƙa'idar gwaji, ta dawo ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

A Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga gasa domin ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce a yi kafin zuwa ba. Cikinsu akwai Annette Echikunwoke mai jifan guduma, haifaffiyar Amurka da ta zaɓi ƙasar iyayenta. Ta koma wa Amurka, a 2024 ta ci musu azurfa a Paris, gasar da Nijeriya ta dawo ko tagulla babu. Hukumar wasannin ta duniya ta tsaurara dokar sauya ƙasa a 2018, ta ce sai an jira shekara uku, kuma ba a sauyawa ƙasa da shekara 20. Doka tana iya rage saye da sayar da yara, wannan abu ne mai kyau. Amma ba doka ce za ta biya wa ɗan wasa kuɗin asibiti ba.

Inda na tsaya

Dole in faɗi gaskiya, ni ba alƙali ba ne marar ɓangare a wannan magana, domin labarin ya taɓa ni. Babana daga wani ƙauye a ƙasar Kano ya zo, wake yake sarowa daga Dawanau yana sayarwa a nan fiye da shekara talatin. A Anacha aka haife ni, nan na yi firamare da sakandare, ina jin Ibo kamar yadda nake jin Hausa. Amma duk fom ɗin da na cika sai an tambaye ni jihar asali, kuma ba ni da ikon rubuta jihar da aka haife ni. Da na je garin su Baba neman takardar shaidar zama ɗan asali, wanda na tarar a ofishin ya saurari Hausata ya yi dariya, ya ce wannan ai ɗan Anacha ne. A nan ni baƙo ne, a can ma baƙo. Saboda haka in na ji ana ce wa mutum ya tsaya ga ƙasarsa, nakan tambayi kaina me ke sa wuri ya zama na mutum.

Amsar da na samu a watan Fabrairun 2006 na same ta, ina ɗan shekara takwas. Bayan rikicin Maiduguri, ramuwar gayya ta ɓarke a nan Anacha, aka kashe mutane da yawa, mu da Allah Ya yi wa sauran kwana muka tsallaka gada zuwa Asaba, daga nan muka bi babbar mota zuwa Arewa da kayan jikinmu kawai. Ba na mantawa da wannan, kuma ba na cewa a manta. Amma ba na mantawa da wani abu kuma. Maƙwabcin nan namu mai janareta shi ya kwashe buhunan Baba ya zuba a nasa sito, ya sayar da su kafin ƙwari su cinye, ya rubuta komai a takarda. Da muka dawo bayan watanni ya ƙirga wa Baba kuɗinsa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Da wannan kuɗi aka sake buɗe rumfar da nake zaune a cikinta yau. Mutanen garin nan ne suka kore mu, mutumin garin nan ne kuma ya dawo da mu.

To shi ya sa na ce a riƙe labarin matar nan da ta riƙe Obikwelu, da ƙungiyar da ta ɗauke shi daga wurin gini. A nawa ɗan tunani, mutum yana da haƙƙin inda aka haife shi a kansa, kuma Obikwelu ya biya wannan gwargwado, da zinare biyu na matasa, da azurfa da tagulla na duniya, da tarihin da ya zauna shekara ashirin. Amma akwai kuma haƙƙin wanda ya tsaya maka ranar da ba ka da amfani ga kowa. Fotugal ba ta saye shi yana tauraro ba, lebura ne lokacin da mutanenta suka buɗe masa ƙofa. Wannan ya bambanta shi da yaron da aka zo da jakar kuɗi aka ɗauka bayan ya riga ya yi suna. Idan akwai wanda ya kamata a tuhuma, to wanda aka ba amanar gwiwar yaro ɗan shekara 22 ne ya kau da kai.

Na faɗa wa Baba duk wannan wata rana da yamma muna rufe rumfa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ka yi gaskiya a wani wuri. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce, "Baba, to mu da muka shekara talatin a nan, ina ne gidan?" Bai ba ni amsa ba, ya ce in duba ko na sa wa ƙofar kwaɗo na biyu. Maƙwabcinmu kuwa ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ke tsaron shago, amma duk ranar da ya leƙo shan shayi sai ɗayansu ya tayar da maganar, su sake komawa sakan 9.86 ɗin nan kamar jiya aka yi.

Allah Ya ba mu shugabannin da za su san darajar abin da ke hannunsu tun bai bar hannun ba, Ya kuma kare duk wanda ke neman halalinsa nesa da gida. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.